Darasin Hausa da Jarrabawar Kammala Sakandare

Ɗalibin da ya tashi a Kafin Hausa ta Jihar Jigawa, ko a garuruwan fadamar Kogin Haɗeja, yana shiga aji da Hausa cike da bakinsa, amma sau da yawa yakan kammala sakandare bai iya rubuta wasiƙa bisa ƙa'idojin rubutu ba, wato raba kalmomi inda ya dace da bambanta ƙ da k, ko ɗ da d. Tushen matsalar yana cikin matsayin da aka ba darasin. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi koyarwa da harshen uwa a shekarun farko na firamare, gwamnatin tarayya ta faɗaɗa hakan zuwa shekara shida a 2022, sannan ta janye shi a Nuwamba 2025. Manhajar babbar sakandare da aka fara aiki da ita a 2011 kuwa ta mayar da Hausa darasin zaɓi, kuma duk darasin da ba dole ba ne, shi ake fara tauye wa lokaci da malamai.

Ƙasar Ailan ta yi fama da irin wannan matsala game da harshenta na gado, inda tun 2012 gwajin baka, wato hirar da mai jarrabawa yake yi da ɗalibi fuska da fuska, ya kai kashi 40 cikin ɗari na makin darasin a jarrabawar ƙarshe. Sai dai ciwon can daban ne, domin yawancin yaransu Turanci suke yi a gida. A Jigawa magana ba ta gagari kowa ba. Rubutu ne ya gagara. Takardar Hausa ta WAEC da NECO tana tambaya a kan insha'i da nahawu da adabi da al'ada, amma ɗalibi yana iya tsira da haddar bayanan malami, ba tare da ya saba da daidaitacciyar Hausa ba, wadda aka gina a kan karin harshen Kano, alhali shi da Haɗejanci ya tashi.

Gyaran da ya dace shi ne a ƙara wa insha'i nauyin maki, a kuma riƙa auna rubutun ɗalibi a cikin aji tsawon shekara uku. Wannan aiki ne da yake buƙatar ƙwararrun malamai, kuma Kwalejin Ilimi ta Gumel da Jami'ar Sule Lamido, wadda aka kafa a Kafin Hausa a 2013, su ne suka fi kusa da makarantun da za su amfana da horas da su.