Ciwon daji na ƙwaƙwalwa: yadda ake neman sabon magani

Ciwon daji, wanda lokotoro suke kira kansa, yana iya fitowa ko'ina cikin jiki, har cikin ƙwaƙwalwa. Wani ƙari ne yake tsirowa cikin kai, yana girma, yana danne ƙwaƙwalwa. Mafi muni cikinsu sunansa giliyobilastoma.

Me ya sa maganinsa yake da wuya?

Dalili na farko: ƙarin yana shimfiɗa jijiya kamar ciyawar ƙiri-ƙiri cikin gona. Ko lokotoro ya yi fiɗa ya cire shi, saura yana nan, ya sake tsirowa.

Dalili na biyu: ƙwaƙwalwa tana da shinge tsakaninta da jini. Shingen yana barin abincinta ya shiga, yana tare guba. Amma yana tare yawancin magunguna kuma. Sai a sha magani, ya gama jiki duka, bai kai wurin ciwon ba.

Maganin da ya ƙetare shinge

A cikin shekarun 1980, a jami'ar Aston ta birnin Birmingham, ƙasar Ingila, wani masani mai suna Malcolm Stevens da abokan aikinsa suka haɗa wani magani, temozolomid. Ƙwaya ce ta haɗiya, kuma tana ƙetare shingen. Sai a 1999 aka ba da izinin sayar da ita, bayan shekaru ana gwaji.

Sabon magani ba ya shiga kasuwa sai an gwada shi. Ana farawa da dabbobi, sa'an nan mutane kaɗan waɗanda suka yarda, sa'an nan mutane da yawa.

A babban gwajin temozolomid, an ɗauki marasa lafiya 573 a ƙasashen Turai da Kanada. Aka raba su kashi 2. Kashi na farko aka yi musu gashi da na'urar haske kaɗai. Kashi na biyu aka yi musu gashin, aka ƙara da ƙwayar. A 2005 aka bayyana sakamako. Cikin mutum 100 na kashin farko, 10 ne suka kai shekara 2 da rai. Cikin mutum 100 na kashi na biyu, 26 suka kai. Ƙwayar ba ta warkar da ciwon ba, amma ta ƙara wa mutane kwana tare da iyalinsu.

Aiki bai tsaya ba

A watan Agusta na 2024, hukumar magunguna ta Amurka ta yarda da wata ƙwaya, vorasidenib, ta kamfanin Servier na Faransa. Ita wannan ta wani irin ƙari ce dabam, mai girma sannu sannu. An gwada ta da mutum 331. Ga waɗanda suka sha ta, ƙarin ya yi kamar wata 27 kafin ya ci gaba. Ga waɗanda ba su sha ba, wata 11.

Abin da ya kamata a riƙe

Yawancin ciwon kai ba kansa ba ne. Amma in ciwon kai yana ƙaruwa kullum tare da amai da safe, ko babba ya fara farfaɗiya da ba ya yi da, ko gefen jiki ya mutu, ko gani ya ragu, a tafi gidan likita ba tare da jinkiri ba. Tun 2021 akwai na'urar gashin kansa a Yamai.

Masana sun yi shekaru kafin su sami maganin da yake ƙara watanni. Saboda haka duk wanda ya zo kasuwa ya ce yana da maganin da yake warkar da wannan ciwo cikin kwana 7, kada a saida akuya ko hatsi a ba shi. A ajiye kuɗin don kai mara lafiya wurin lokotoro.