Gurasar gero ta Indiya: abin da Damargu za ta iya gasawa a kasko

A Falanko da sauran garuruwan Damargu, a jahar Damagaram, gero ne ke riƙe da gida: tuwo da dare, fura da rana, kunu da safe. Burodi kuwa sai da fulawar alkama da ake shigowa da ita daga waje, kuma kuɗinta ba ya jin rarrashi.

A jahohin Rajasthan da Gujarat na Indiya, wannan geron namu, wanda suke kira bajra, shi ake gasawa a ci kamar gurasa. Asalinsa ma daga Sahel ne ya isa can shekaru dubbai da suka wuce. Indiya ce kuma ta nemi Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2023 a matsayin shekarar gero da danginsa.

Kaskonsu, tawa, shimfiɗaɗɗe ne, ba ramuka irin na tandar masa. Ana kwaɓa gari mai laushi da ruwan ɗumi da ɗan gishiri. A nan aikin yake: gero ba shi da danƙon alkama, shi ya sa kwaɓin ke tsagewa. Sai a riƙa murza curi ɗaya-ɗaya, a faɗaɗa shi da tafin hannu, a ɗora a kasko mai zafi ba mai. In ya yi ɗigo-ɗigo a juya, sannan a kara shi a garwashi ya kumbura.

Su man shanu suke shafa masa. Ɗan Tanut da ke ci-rani a Aljeriya ko Libiya, in ya samu garin gero, miyar kuka ma ta wadatar.