Jijiyar leɓe da yaɗon kabewa

Wanda ya taɓa karya muƙamuƙin ƙasa, yawanci a haɗarin babur ko na mota, ya san wata damuwa da ɗori ba ya magance ta. Ƙashi ya kama cikin mako shida, an kwance wayar da ta ɗaure haƙora, amma leɓen ƙasa da haɓa suna nan a sage. Mutum ya kurɓi koko ya zubo masa a riga bai sani ba, sai an nuna masa. Ya ciji leɓe har jini bai ji ba. Ina ganin kunyar wannan ta fi ciwon karayar cin rai.

Dalilin yana cikin ƙashin. Akwai wata jijiya da ke shiga muƙamuƙi ta ciki, can wajen kusurwa, ta bi wani siririn rami ƙarƙashin saiwar haƙora, ta fito ta ƙaramar kafa a gefen haɓa, sannan ta bazu cikin leɓe. Ita ke kai wa ƙwaƙwalwa labarin zafi da sanyi da taɓawa. Ƙashi ya tsage ta wannan hanya, dole ta ji a jikinta. Wani lokaci ma garin gyara, da ake ɗaura ƙarfe da kusoshi, a sake taɓa ta.

Ni dai ban fahimci yadda take warkewa ba sai da na tuna kabewar da uwata ke shukawa bayan ɗaki da damina. Takan ɗaura igiya daga gindin shukar zuwa rumfa, yaɗo ya bi.

Wata rana yaro ya taka yaɗon. Ganye ya yi yaushi, amma ba abin da ya tsinke, kwana biyu ya miƙe. Haka jijiyar da aka matse kawai take, cikin makonni ji yana dawowa. Wata rana kuma akuya ta shigo ta datse shi a tsakiya. Abin da ke gaban wurin cizon duk ya bushe, kamar yadda Augustus Waller ya gani a jijiyoyin kwaɗi tun 1850. Amma saiwa na nan, igiya na nan, sai sabon toho ya fito ya kama igiyar ya bi tsohuwar hanya. Saiwar wannan jijiya tana can cikin ƙoƙon kai, igiyarta kuwa ita ce rigar da ta lulluɓe zarenta. Tafiyarta wajen milimita 1 ce a yini, wato kamar santimita 3 a wata, kuma ba ta tashi nan take. Shi ya sa ake lissafin wata uku, wata shida, wani har shekara.

Mafi muni shi ne a yanke yaɗo da igiya tare. Toho zai fito, amma ba abin kamawa, sai ya nannaɗe kansa a ƙasa ya cukurkuɗe. A jiki wannan ƙulli yakan zama wuri mai zogi ko raɗaɗi kamar wuta. Likitan Ingila Herbert Seddon ne ya kasa raunin jijiya gida uku haka a 1943.

Alamar farko ta toho ba ta da daɗi. Leɓe ya riƙa yi kamar tururuwa na yawo a ciki, ko ƙaiƙayi, ko tsira kamar allura. Da yawa kan tsorata, alhali sau tari isowa ce. Likita na gwadawa da auduga, da tsinin allura, da tsinke biyu a kusa da juna ya tambaya, ɗaya ka ji ko biyu? Ya zana iyakar wurin da ya sage, don a gani ko yana raguwa.

A nan nake saɓawa da masu cewa a yi haƙuri kawai. Uwata ba ta zauna jira ba, kullum da safe sai ta leƙa ta ga inda toho ya kai, in igiya ta tsinke ta ƙulla. Idan wata uku ya wuce iyakar nan ba ta motsa ba, ko raɗaɗi na ƙaruwa, a koma wurin likitan muƙamuƙi da fuska, domin ɗinkin jijiya ya fi kamawa da wuri. Kafin nan a riƙa gwada zafin shayi da yatsa, a ci tuwo a hankali, mai aski kuma a gaya masa wane gefen haɓa ne ba ya ji.