Tuƙin Keke na Kwana Biyu Domin Masu Ciwon Daji a Amurka

A Jihar Masacusets ta ƙasar Amurka akwai wani taron mahaya keke da ake yi kowace shekara a farkon watan Agusta, ana kiransa Pan-Mass Challenge. Ba tsere ba ne, babu na ɗaya, babu kofi. Abin da ake nema shi ne kuɗi domin Cibiyar Dana-Farber da ke birnin Boston, wadda take bincike da jinyar masu ciwon daji.

Wani bawan Allah mai suna Billy Starr ne ya kafa shi. Mahaifiyarsa ta rasu a 1974 sanadiyyar sankarar fata, tana da shekara 49. A 1980 ya tara mutum 36 suka tuƙa keke mil 220 daga Springfield zuwa Provincetown, suka samu dala 10,200. Daga baya, shekaru da dama, babbar hanyar ta zama mil 192 daga garin Sturbridge, wato kimanin kilomita 309, nisan da ya ɗara na Kaduna zuwa Kano. Ana kwana a garin Bourne, kashegari a ƙarasa. A 2024 mahaya fiye da 6,000 suka fito, aka tara dala miliyan 75, jimlar abin da aka samu tun farko kuma ta haye dala biliyan 1.

Wanda zai yi wannan tafiya ba ya jira sai Agusta ta ƙarato. Da yake hunturun can yana zuwa da dusar ƙanƙara, da yawansu sukan fara horo a cikin ɗaki, a kan keken da aka kafe wuri ɗaya. Idan gari ya yi ɗumi sai su fita kan titi, suna ƙara nisa kaɗan-kaɗan kowane mako. Wanda ya yi gaggawa, gwiwarsa ce za ta fara ba shi labari. Daga nan sai a shiga yin doguwar tafiya kwana biyu a jere, domin abin da ke karya mutum shi ne ya tashi da asuba a rana ta biyu, cinyoyi sun sandare, ya sake zama a kan sirdin da ya gasa shi jiya. Ana kuma koyon cin abinci kafin yunwa ta zo, da shan ruwa kafin ƙishi, da canza tib idan taya ta yi faci, da tafiya cikin ayari ba tare da an gogi na gaba ba. Hular kwano kuwa dole ce.

Amma ni a ganina, duk wannan shi ne mai sauƙin. Mai wuyar shi ne kuɗin. Duk wanda ya rubuta sunansa sai ya ɗauki alkawarin tara wani adadi, wanda a 'yan shekarun nan ya kai dala 6,000 ga mai babbar hanyar kwana biyu. Kuma ba alkawarin baka ba ne. Sai ya ba da lambar katinsa na banki, in wa'adi ya cika bai kai adadin ba, daga aljihunsa za a cire cikon. Wani zai ce an tsananta, tunda aikin sa kai ne. To, amma duk wanda ya taɓa riƙe littafin gidauniya ya san yadda ake tashi a gaban jama'a a yi alkawari, a sha tafi, sannan a shekara ana bin mutum yana cewa a dawo gobe.

Saboda haka mahayi yakan zauna ya rubuta wa dangi, da maƙwabta, da abokan aiki, da tsofaffin abokan makaranta, ɗaya bayan ɗaya. Yakan faɗa musu domin wa yake yi: uwa da ta rasu, ko ɗa da ke kwance. Roƙo da kunya, ko da ba don kanka kake yi ba. Abin da ke rage masa nauyin baki shi ne, tun daga 2007 duk dalar da mahayi ya tara tana tafiya Dana-Farber ba a taɓa ko sisi. Kuɗin shirya taron daga kamfanoni masu tallafi da kuɗin rajista yake fitowa, ga kuma dubban masu aikin sa kai da ke dafa abinci, da raba ruwa, da gyaran kekuna kyauta.

A cikin mahayan akwai ɗaruruwa waɗanda su kansu sun yi fama da ciwon, wasunsu ma suna kan shan magani. Akan kuma haɗa ƙungiyoyin mahaya da yaran da ake yi wa jinya a cibiyar. A ranar farko yaran sukan jira tare da iyayensu a zangon shan ruwa na garin Lakeville, mahaya su sauka su gaisa da su, su cika gorunansu, sannan su kama hanyar Bourne.