Lamu, Tsibirin Da Mota Ba Ta Shiga

Yau za mu leƙa Lamu, wani tsibiri a gaɓar tekun ƙasar Kenya, garin Musulmi masu jin Suwahili da ya haura shekara 700.

Kin san lungunanmu na cikin birni, irin na wajen Kurmi, da mota ba ta iya kutsawa? To haka tsohon garin Lamu yake. Jaki ne motarsu, shi ke ɗaukar yashi da buhun shinkafa, har asibitin jakuna aka buɗe a 1987. Babura sun fara shiga, amma jaki bai bar aiki ba. A 2001 hukumar UNESCO ta sa garin cikin wuraren tarihi na duniya.

Idan Allah ya nufe ki da zuwa tare da maigida, jirgin sama daga Nairobi zai sauke ku a tsibirin Manda, sai ku tsallaka da kwalekwale. Wannan ya fi hanyar mota kwanciyar hankali, don an sha kai hari a can. A guji Afrilu zuwa Yuni, lokacin ruwan sama ne, teku kan yi fushi.

Ga abin da zai burge ki: wasu gidajen an haɗa su da ɗaki ta saman lungu, suna kiransa wikio. Ta nan mace ke zuwa wajen 'yan'uwanta ba tare da ta taka titi ba. In za ta fita kuwa, sai ta sa buibui, baƙin lulluɓinsu.

A ƙauyen Matondoni ana sassaƙa jiragen ruwa na katako da hannu, mata na saƙar tabarma. Shela kuma bakin teku ne mai tudun rairayi. Ki ɗanɗani kifi da shinkafar da aka dafa da ruwan kwakwa. A watan Rabi'ul Awwal garin kan cika da baƙi masu zuwa Mauludi a masallacin Riyadha, wanda Habib Swaleh ya kafa.

Sai dai masuntan na cikin damuwa. Aikin sabuwar tashar jiragen ruwa ya taɓa wuraren kamun kifinsu, har kotu ta ce a biya su diyya a 2018. Tukunyar matan Lamu da kifin nan ta dogara.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.