Daga Kagara zuwa Dutsen Zuma: Me ya sa Ganɗoki ya cancanci hawa majigi?

Ma'aikacin da ke fitowa daga Suleja da asuba domin isa ofis a Abuja ba ya rasa ganin Dutsen Zuma a Madalla, dutsen da hotonsa ke jikin takardar naira 100, wanda mutane ke cewa akwai fuskar mutum a jikinsa. Da yamma kuwa, idan ya koma gida, sai ya tarar da 'ya'yansa sun dukufa a kan finafinan dodanni da mayaƙan ƙasashen waje. Abin da yaran ba su sani ba shi ne, jihar da suke zaune a cikinta ta haifi irin waɗannan labarai tun kafin a haifi kakanninsu.

A shekarar 1933 ne Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Daga cikin littattafan da suka yi fice akwai Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Imam da Bello 'yan asalin Kagara ne, cikin Jihar Neja ta yau, kuma a Kagarar ne labarin Shaihu Umar ya samo tushe.

Biyu daga cikin ayyukan wannan zamani sun riga sun nuna cewa adabin Hausa na iya tsayawa a gaban kyamara. Adamu Halilu ya mayar da Shaihu Umar fim a 1976, aka daɗe ana zaton ya ɓace, sai aka gano shi a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Ƙasa, aka gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018. Magana Jari Ce kuma, wanda Imam ya rubuta daga baya, NTA Kaduna ta mayar da shi shirin talabijin da har yanzu dattawa ke tunawa.

Ganɗoki ne ya fi dacewa da zamanin shirye-shirye masu dogon zango. Jarumin ya fara ne a cikin tarihi na gaskiya: yana yaƙi tare da Sarkin Sudan na Kontagora, Ibrahim Nagwamatse, lokacin da Turawa suka ci garin a 1901. Da ƙasa ta faɗi, sai ya nufi gabas, labarin ya juya zuwa duniyar aljanu da dodanni, inda shi da ɗansa Garba Gagare ke cin nasarar da ta gagare su a gida. A ƙarshe ya dawo ya tarar duniya ta sake. A nan ƙarfin littafin yake: mutumin da aka ci da yaƙi yana neman mutuncinsa a duniyar mafarki. Wannan darasi ne da mai kallo na yau zai gane ba tare da an yi masa tafinta ba.

Wurin ɗauka ma ba abin nema ba ne. Suleja ita ce tsohuwar Abuja, wadda Abu Ja ya kafa a 1828 bayan an kori gidan sarautar Haɓe daga Zazzau. Tana da fada, da duwatsu, da tarihin mayaƙan da suka ƙi miƙa wuya, ga kuma gadon tukwanen Ladi Kwali da za su ƙawata kowane ɗakin sarauta.

Abin da ya rage shi ne kuɗi da haƙƙin mallaka. Dawakai, sulke da aikin kwamfuta na ƙera dodanni sun fi ƙarfin jarin yawancin masu shirya finafinan Kannywood, kuma dole a daidaita da mawallafa da magadan marubucin. A nan ne ma'aikatar raya al'adu da Hukumar Finafinai da ke Jos suke da ta cewa. Shaihu Umar ya samu hawa majigi ne da tallafin gwamnati. Fayil ɗin Ganɗoki kuwa yana jiran wanda zai buɗe shi, wataƙila ma cikin masu wuce Dutsen Zuma kowace safiya.