Awon kan jariri: igiyar da ake mantawa ranar awo

Ranar awo sananniya ce ga matan jahar Maraɗi. Daga Gidan Runji a yamma har Agiye da Gazawa a gabas, bisa babban titin kwalta da ƙauyukan da ke nesa da shi, uwa ta san sikelin da ake rataya yaro, ta kuma san igiyar nan mai launi uku da ake naɗawa a damtse. Yunwar shekarar 2005 ce ta sa kowa ya san su, lokacin da ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60.000 masu tamowa mai tsanani a ƙasarmu, akasarinsu a wannan jaha. Yau ko tsohuwar da ba ta shiga ajin yaƙi da jahilci ba ta san ma'anar ja, wato damtsen da bai kai santimeta 11 da rabi ba.

Akwai awo na uku da ya kamata a yi a wannan rana, wanda sau da yawa ake tsallakewa idan mata sun yi yawa kuma malamin asibiti shi kaɗai ne. Shi ne awon kewayen kai.

Ga dalilinsa. Ƙoƙon kan jariri ba ƙashi guda ba ne. Ƙasusuwa ne da dama da ba su riga suka haɗe ba, da ƴan ratata tsakaninsu, domin kai ya iya matsewa wajen haihuwa, domin kuma ƙwaƙwalwa ta sami wurin girma daga baya. Ƙwaƙwalwa ce ke tura ƙashi waje. Saboda haka wanda ya auna kewayen kai, girman ƙwaƙwalwa yake bi, ba tare da wata na'ura mai tsada ba. Igiya irin ta tela ta isa, muddin ba mai miƙewa ba ce. A ɗora ta bisa goshi, kaɗan sama da gira, a bi da ita saman kunnuwa zuwa inda ƙeya ta fi tudu, a ja ta ta kwanta kan gashi sosai. Idan yarinya na da kitso mai kauri, sai a kwance. A auna sau biyu ko uku, a ɗauki adadin da ya fi girma, a rubuta shi cikin karnen yaro tare da kwanan wata.

To, da me za a gwada adadin? Tsakanin 1997 da 2003 Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta bi girman yara wajen 8.500 masu ƙoshin lafiya, waɗanda suka sha nonon uwa, a ƙasashe shida: Barazil, Gana, Indiya, Norwe, Oman da Amurka. Abin da aka gano shi ne, yaran da suka sami abinci da kulawa girmansu kusan ɗaya ne, ko baƙi ne ko farare. Daga nan aka fitar da ma'aunin da ake aiki da shi, na nauyi da tsawo a 2006, na kewayen kai a 2007. Bisa wannan ma'auni, matsakaicin kan ɗa namiji ranar haihuwa santimeta 34 da rabi ne, na mace kusan 34. Da shekara guda, namiji ya kai 46, mace 45. Da shekara biyu, 48 da 47. Mai karatu ya lura: santimeta 11 zuwa 12 a shekarar farko, biyu kacal a ta biyu. A watanni ukun farko kai na ƙaruwa da wajen santimeta 2 kowane wata, sa'an nan ya rage gudu.

Sai dai a yi hattara. Waɗannan adadi tsakiyar hanya ce, kuma hanyar tana da faɗi. Yaro na iya zama sama ko ƙasa da santimeta biyu alhali lafiyarsa lau. Akwai gidajen da babban kai gado ne, tun daga kaka. Awo guda ba ya faɗin kome. Abin da ke magana shi ne jerin awo: na wata ɗaya, na wata uku, na wata shida, a ga ko yaron na bin layinsa ko ya kauce. Nan ne amfanin karne yake, nan ne kuma amfanin mahaifin da ya koyi karatu, domin shi ma yana iya duba ko an cika gurbin, ya tambaya cikin ladabi idan ba a cika ba.

Kan da ke girma da sauri fiye da ƙima, wata bayan wata, yana iya nuna ruwa na taruwa cikinsa. Jijiyoyin fatar kai su fito, idanu su riƙa kallon ƙasa. Wani lokaci da shi ake haihuwar yaro, wani lokaci kuma sanƙarau ne ya bar shi. Ƙasarmu na cikin yankin da likitan Faransa Lapeyssonnie ya kira ɗamarar sanƙarau a 1963, kuma manya ba su manta da annobar 1995 ba. Ana yi wa wannan ciwo aiki a Babban Asibitin Ƙasa na Yamai, amma samun sauƙi ya danganta da saurin zuwa. Igiya na ganin abin tun ido bai gani ba. Kan da ya ƙi girma kuwa, shi ne abin da ya tayar da hankalin Barazil a 2015 da cutar Zika ta ɓulla. Nan ma da awon kan jarirai aka farga.

Iyayenmu mata ba su jira likita ba kafin su san maɗiga. Maɗigar gaba, wadda ake ganin tana motsi, tana rufewa galibi tsakanin wata 12 da 18. Akwai ƙaramar ta baya da ke rufewa wajen wata biyu. Idan maɗiga ta faɗa ga yaron da ke zawo ko amai, jikinsa ne ya rasa ruwa. Maganin yana shiga ta baki: nono, da ruwan gishiri da sukari, da gaggawar zuwa gidan likita. Ƙullin da ake shafawa bisa kai ba ya mayar da ruwan da ya fita, ɓata lokaci kawai yake yi. Idan kuwa maɗiga ta kumbura ta yi tauri alhali yaro ba kuka yake ba, ga zazzaɓi, to ba a kwana da wannan a gida.

Saura batun siffa, wanda ya fi damun kakanni. Jaririn da ya fito da kai mai tsini ko dogo, matsin haihuwa ne, kuma cikin ƴan kwanaki zai daidaita da kansa. Ungozoma da ke danna kai da ruwan zafi don ta gyara shi, yabon aikin da Allah ya riga ya yi take karɓa; a sassauta hannu, a kuma rage zafin ruwan. A Amurka, da likitocin yara suka ba da shawara a 1992 cewa a riƙa kwantar da jariri rigingine, mutuwar farat ɗaya cikin barci ta ragu da kusan rabi, amma sai yara masu shafaffiyar ƙeya suka yawaita. Shawarar tana nan daram, domin shafaffiyar ƙeya ba ta taɓa ƙwaƙwalwa. Mu nan goyo ya taimake mu, tun da yaron da ya wuni a bayan uwarsa ƙeyarsa ba ta daɗe bisa tabarma. Abin da ke bukatar likita shi ne yaro ɗaya cikin wajen 2.000 da ƙasusuwan kansa ke haɗewa da wuri: kai ya karkace ko ya tsawaita, a ji wani tudu kamar kunya ƙarƙashin fata, kuma abin ba ya gyaruwa da watanni.

Akwai lissafin da ake yi don siffa: a raba faɗin kai da tsawonsa, a riɓa da 100. Wani masani ɗan Suwidin, Retzius, ya ƙirƙiro shi wajen 1840, kuma Turawa sun daɗe suna amfani da shi don rarraba bil'adama manya da ƙanana. A 1912 Franz Boas ya nuna cewa ƴaƴan baƙin da aka haifa a Amurka siffar kansu ta bambanta da ta iyayensu. Dogon kai ko kewayayye, babu wanda ke nuna basira, kuma malaman makaranta da ke wa yaro ba'a da kansa su ji wannan.

Ga shugabannin kiwon lafiya na gundumomin uku, har da Gazawa da aka cire daga Agiye a 2011, bukatar ba ta da tsada. Tun 2006 gwamnati ta yanke cewa a duba yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta, mata kuma suna zuwa don lambar rigakafi a mako na 6, na 10, na 14 da wata na 9. Sau huɗu ke nan yaro ke hannun malamin asibiti a lokacin da kansa ya fi saurin girma. Igiya ɗaya a kowane ɗakin awo, da minti guda ga kowane yaro, da mai duba aiki da zai buɗe karne ya ga ko an rubuta.